Ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan zaman Kirista a kasuwar Tawa

Salama gare ka ƙanena. Na karanta tambayarka har ƙarshe. Ka ce ka baro Maraɗi, ka kama rumfa a kasuwar Tawa kana sayar da hatsi da albasa, duk layinku kai kaɗai ne Kirista, ga shi kuma ran Lahadi kasuwa take ci. Kana so ka san yadda mutum zai yi zaman da zai gamshi Allah a irin wannan wuri. Ƴan'uwa sun riga sun jera maka ayoyi, Allah ya saka musu. Ni a bakin rumfa furfura ta same ni, don haka ta nan zan ɓullo maka.

Ceto dai ba a sayensa da kyawun hali, Afisawa 2:8-10 ta gama wannan magana: alheri ne, ayyuka nagari kuma bayansa suke biyowa. To amma a ina za su fito? Ga ɗan kasuwa, a tiya suke fitowa.

Za ka ga mai tiya biyu. Ta saye an bubbuga gindinta ta yi zurfi, ta sayarwa kuma an ɗan matse ta. Baƙauye ya kawo geronsa bisa jaki ko amalanke, a auna da babbar, da rana tsaka mai gida ya zo sayen na tuwon dare, a auna masa da ƙaramar. Ba wanda zai kama ka, kuma in ka yi magana za a ce haka kasuwa take. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, ko a jaka ko a gida, Karin Magana 11:1 kuma ta kira ma'aunin zamba abin ƙyama ga Ubangiji. Ka riƙe tiya guda. Wadda ka saya da ita, da ita za ka sayar, kuma ka bar mai saye ya ɗora hannunsa ya ga tozon da ka yi masa.

Albasa ta fi hatsi jaraba, domin ita ruɓewa take. Ka sayi ta Galmi lokacin da take da araha, ka zuba a rudu, wato rumbun ajiye albasa, kana jiran kuɗinta ya tashi, kafin nan wani kashi ya lalace. Ranar ɗinkin buhu sai zuciya ta ce maka manya a baki, masu laushi a tsakiya, ai motar Abijan za ta nufa, wa zai dawo daga can ya neme ka? Ka zauna kai da yaranka ku tsince. Mai taushi a wuya, wadda ta fara tsiro, wadda ka matsa ta yi ruwa, duk a ware su gefe, a kasa su a sayar da sunansu da kuɗinsu. Ba zan ce maka wannan zai sa ka yi arziki ba. Wata shekara maƙwabcinka mai algus zai fi ka riba, ka gani da idonka, kuma masu wa'azin da ke cewa duk mai gaskiya sai ya yi mota ban san kasuwar da suke ci ba. Abin da na sani shi ne dillalai suna da dogon tunani, kuma akwai buhun da ba sa kwancewa su duba.

Ƴan dako da masu lodi, ka sallame su kafin rana ta faɗi. Littafin Firistoci 19:13 ya ce kada hakkin ɗan ƙwadago ya kwana a hannunka. Yaron da ya yini yana ɗaukar buhu a ka, jika guda ɗin nan ita ce abincin gidansu, "dawo gobe" ba ta shiga tukunya. Bashi kuwa, in ka ci ka biya ranar da ka faɗa. In ba ka samu ba, kai za ka taka ka je ka faɗa, kada ka bari a aiko.

Ka san kuma ba da sunanka kaɗai kake zaune ba. Tun 1950 asibitin mishan yake aiki a Galmi, kuma da wuya ka zauna da Ba'adare, wato mutumin ƙasar Adar ta yankin Tawa, ka rasa jin wani nasa da aka taɓa kaiwa can. Mutane da yawa a ƙasar nan ba su taɓa taka majami'a ba, abin da suka sani game da Kirista shi ne hannun da ya duba majinyacinsu. Wannan suna wasu suka gina shi, ka same shi a shirye. In ka yi ƙarya a ciniki ba za a ce ɗan Maraɗi ya yi ƙarya ba, cewa za a yi Kiristan nan.

Maƙwabta. Ka je suna, ka je ɗaurin aure, in an yi rasuwa ka je ka zauna a tabarma ka yi gaisuwa, ko da ba za ka shiga sahun salla ba. Ba wanda ya taɓa jin haushina don na tsaya gefe. Washegarin layya yara za su shigo da nama a kwano an rufe da faifai. Akwai ƴan'uwa da lamirinsu bai ba su su ci ba, ban raina su, amma ni karɓa nake in yi godiya, kuma ina ganin 1 Korintiyawa 10:27 ta ba ni wannan dama. Ran Kirsimeti kai ma ka rama. Ka kira maƙwabcinka Musulmi ya yanka maka akuyar, don in shinkafa da miya sun shiga gidansa a ci da kwanciyar rai, kada a zubar a bayan gida don kunya. Mu da muka ga watan Janairu na 2015, lokacin da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, ba mu manta cewa a cikin wannan tashin hankali akwai Musulmin da suka ɓoye Kiristoci a ɗakunansu ba. Wanda ya buɗe ƙofa ranar, maƙwabcin da ya sani ya buɗe wa.

Gardamar addini a fada wajen shayi, ka rage ta. In an tambaye ka da gaske, ka amsa da gaske, da ladabi, ba tare da ɓoye abin da ka gaskata game da Yesu ba. In tsokana ce, ka sha shayinka.

Saura Lahadi, wadda na ga ita ta fi damunka. A nan dattawanmu ma ba su zama baki ɗaya ba. Wasu ba sa buɗe rumfa sam, sun yarda su yi asarar babbar ranar ciniki, kuma ina girmama su. Wasu suna zuwa sujada, in an tashi su buɗe. Romawa 14:5 ta ce kowa ya tabbata a zuciyarsa game da ranaku, saboda haka kada ka bari wani ya ɗaure ka da abin da Littafi bai ɗaure ka ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar taron masu bi gaba ɗaya saboda kasuwa. Mu kaɗan ne a garin nan, in mutum ɗaya bai zo ba bencinsa yana nunawa, kuma wanda ya ce "wannan makon kaɗai" sau da yawa sai an yi girbi ba a gan shi ba. Ibraniyawa 10:25 don irin wannan aka rubuta ta.

Ga yadda nake yi. Kayana ina shirya su tun daren Asabar. Da safe in tafi sujada da iyalina. Masu sarin sassafe sukan wuce ni, na haƙura da su, amma mutanen ƙauye ba sa gama shigowa sai hantsi ya ɗaga, kuma ciniki yana kai la'asar. Rumfar kuwa maƙwabcina Alhaji ke sa mata ido, in wani ya matsu ya auna masa. Ka nemi irin wannan mutum a layinku, ka lura da tiyarsa tukuna kafin ka yi masa maganar. In kun daidaita, ran Juma'a da an yi kiran farko ka jawo kujerarka tsakanin rumfunan biyu, ka rubuta duk abin da ka sayar a rumfarsa, in ya dawo daga masallaci ka ƙirga masa kuɗinsa a hannu kafin ya zauna.