Su Wane ne Zanaki, Ƙabilar Julius Nyerere?

Ɗan'uwa, ka tambaya wace ƙabila ce ta Nyerere, shugaban ƙasar Tanzaniya na farko, kuma ko yawan mutanenta ne ya ɗora shi kan mulki. Ko kusa. Zanaki ƙaramar ƙabila ce a cikin ƙabilu sama da 120 na Tanzaniya. Suna zaune a yankin Mara, gabas da tafkin Victoria, kusa da garin Musoma. Harshensu na dangin Bantu ne, sana'arsu noma da kiwon shanu, da shanun kuma ake biyan sadaki.

Tun asali ba su da babban sarki guda mai juya kowa. Dattawan zuriya ne ke yanke hukunci, ga ƙungiyoyin tsara, ga masu roƙon ruwan sama da ake ganin girmansu ƙwarai. Turawan mulkin mallaka ne suka ƙarfafa sarauta a can, Jamusawa suka naɗa mahaifin Julius, Nyerere Burito, sarki. A garinsa Butiama aka haifi Julius a 1922. Ya yi kiwo yana yaro, an kuma fere masa haƙoran gaba bisa al'adarsu ta shiga samartaka.

A ganina ƙanƙantar Zanaki ma taimakonsa ta yi. Manyan ƙabilu irin su Sukuma da Chagga ba su ji tsoron zai danne su da danginsa ba, shi kuwa ya rungumi Swahili ya haɗa kan ƙasar da shi, har ya sauka don kansa a 1985.

Ya rasu a Landan a 1999, aka binne shi a Butiama, inda gidan tarihinsa yake yanzu.