Keso, dala da ƙirgar biyar-biyar

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka tambaye ni abin da ya sa a kasuwar Maradi, idan kuɗi sefa 20,000 ne, sai dattijo ya ce jikka 20 ko dala 4,000, sannan ka nemi sanin keso da kakarka take ambata idan ana zancen cinikin da.

Keso ƙunshin wuri 20,000 ne da ake ɗurawa cikin jakar tabarma, kuma da shi ake lissafin manyan kuɗi kafin zuwan Faransawa. Mai ƙirgar wuri yana zube shi a ƙasa ne, yana jan biyar-biyar da yatsunsa, yana tara tsibi na 200, sannan ya haɗa tsibi biyar su zama 1,000. Baturen Jamus Barth ya ga ana wannan aiki a Tasawa a 1851, inda aka ƙirga wuri 500,000, wato keso 25. Dalar da muke ciniki da ita yau sefa biyar ce, jikka kuwa dala 200 ce, don haka a ganina hannun da ya saba da wuri ne yake ƙirga sefa.

Kai da ka yi lakkwal, ɗauki alƙalami ka dubi lambar kanta. Idan ka yi ta raba 20,000 gida biyu, za ka yi hakan sau biyar ba tare da saura ba, ka sauka a kan 625, ita kuma 625 biyar ce aka ninka da kanta har sau huɗu. Ke nan babu abin da ke cikinta sai biyu da biyar, shi ya sa lambobi 30 cif suke raba ta, daga 1 har zuwa ita kanta. Cika ce, ba mara ba. Idan ka tara masu raba ta, ban da ita, za ka sami 29,203, wanda ya zarce ta, kuma masana lissafi suna sa irinta cikin rukunin lambobi masu yalwa. Ga fatake wannan alheri ne, domin abokan ciniki huɗu, ko takwas, ko goma, za su raba keso babu mai ƙorafi.

Inda take gazawa shi ne wajen uku, kuma a rabon gado abin yake bayyana. Tumunin matar mamaci yana fita daidai, wuri 2,500, haka ma rubu'i, 5,000. Amma sulusi yana ba da 6,666 da saura biyu, sudusi kuma 3,333 da saura biyu. Saboda haka malaman gado, idan tumuni da sudusi suka haɗu, sukan kafa lissafinsu a kan 24, wadda uku da takwas duka suke raba ta, sannan su mayar da kason kowa zuwa kuɗin da ke ƙasa.