Na sayi gem da kuɗina, ya ƙi buɗewa

Tambaya: Malam, na canza firosesar kwamfutata (wato ƙwaƙwalwarta), sai gem ɗin da na saya ya ce lallai sai da intanet. Me ya jawo? Mai karatu daga Gwale, Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, makullin hana kwafi ne. Irin su Denuvo suna ɗaure lasisi da kayan cikin kwamfuta. In ka canza firosesa, wani lokaci ko sabunta Windows, sai makullin ya ɗauka sabuwar na'ura ce, ya nemi tantancewa. Kunna data, ka buɗe gem ɗin sau ɗaya, data kaɗan ta isa. Amma kada ka yi ta canje-canje, iyakarsa na'ura 5 cikin awa 24. Abin takaici, mai biya ke shan wannan wahala. Kafin ka sake saye, duba shafin gem ɗin a Steam, shagon sayar da gem a intanet, ana rubutawa in yana da makullin. A shagon GOG kuwa ba sa saka makulli.