Abin da Ke Riƙe Ƙirjin Tsohuwar Rigar Kwat

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa rigar kwat irin wadda aka ɗinka a Ingila a shekarun 1950, wadda akan ci karo da ita jefi-jefi a cikin gwanjo, take zama daram a ƙirjin mai ita duk da tsufanta, alhali ta yanzu da sabon yadinta takan saki jiki tun ba a je ko'ina ba. Amsar tana cikin abin da aka ɓoye tsakanin yadi da shafi.

Telolin titin Savile Row da ke Landan sukan shimfiɗa kambas, wato wani ƙyalle mai ɗan tauri na ulu ko na lilin, a cikin gaban riga tun daga kafaɗa har ƙasa, sa'an nan su ƙara wani a daidai ƙirji wanda aka saƙa da gashin wutsiyar doki. Gashin doki yana da wata ɗabi'a mai amfani, domin ko an lanƙwasa shi yakan koma yadda yake. Ba a manna waɗannan ƙyallaye da komai, da allura da zare ake haɗa su. Inda gwanintar take shi ne ɓangaren nan da ke naɗewa daga wuya zuwa maɓalli. Tela yakan ɗora shi a kan yatsun hannun hagu ya tanƙwara shi, ya riƙa jera ƙananan ɗinkuna a karkace, layi bayan layi, bakin allura yana ɗaukar zare ɗaya ko biyu kacal daga yadin waje. Da yake a tanƙware aka ɗinka shi, a tanƙware zai zauna har ƙarshen ran rigar. In ka ɗaga shi ka duba ƙarƙashinsa da kyau, za ka ga 'yan ɗigo-ɗigo a jere kamar sawun tururuwa, kuma su ne shaidar aikin hannu.

Daga shekarun 1960 masana'antu suka koma ga ƙyalle mai gam, irin wanda muke mannawa a kwalar kaftani da dutsen guga. Yana da sauri da araha, ni ma ba na raina shi a inda ya dace, amma a gaban kwat yana sandarar da yadi, kuma idan zafi da wanki suka ci ƙarfin gam ɗin sai ka ga ƙirjin ya yi bororo, abin da guga ba ta gyarawa. Idan kana son ka bambance su, kama gaban rigar a ƙasa da ramin maɓallin ƙarshe, ka raba yadin waje da na ciki da yatsunka. In ka ji ƙyalle na uku yana zamewa a tsakani, mai kambas ce.

Yadin kansa ma ya taimaka. Ulun da garuruwan Yorkshire irin su Huddersfield suke saƙawa a wancan zamani yakan kai oza 14 zuwa 18 a kowane yadi, domin gidajensu da ofisoshinsu suna da sanyi, na yau kuwa yawanci bai wuce oza 8 zuwa 10 ba. Ulu mai nauyi yana zuba da kyau, kuma yana karɓar guga: da tururi da dutse mai nauyi ake tsuke shi a wani wuri a miƙar da shi a wani, har bayan riga ya bi kwancin gadon baya ba tare da an ƙara tsaga ba.

Sai yanka. Frederick Scholte, telan Yariman Wales wanda ya zama Sarki Edward na 8, shi ya yi suna da barin ɗan rarar yadi a ƙirji da allon kafaɗa tare da tsuke ramin hannu ya hau can cikin hammata. Matasan teloli sukan faɗaɗa wannan rami suna zaton sakewa suke ba mutum, alhali da zarar ya ɗaga hannu sai rigar duka ta bi shi sama. Wandon kuma a cibiya yake zama, ba a ƙugu ba, saboda kada farar taguwa ta leƙo a ƙarƙashin maɓalli. Naɗin bakin ƙafar wando, wanda gwamnatin Birtaniya ta hana a 1942 don tsimin yadi lokacin yaƙi, ya dawo bayan an ɗage dokar, kuma nauyinsa yana sa ƙafar wando ta miƙe.

Sai dai kada ka kwaikwayi nauyin yadin. Wanda ya sa ulu mai oza 16 a Kano cikin watan Afrilu ya ɗauko wa kansa wahala. Nemi ulu marar nauyi mai sakakkiyar saƙa wadda iska ke ratsawa, ka yi shafi a kafaɗa da gaba kawai ka bar bayan, amma ka riƙe kambas ɗin da ɗinkin hannunsa. Kafin ka kai wa kambas ɗin almakashi, jiƙa shi a ruwa ka shanya a inuwa ya gama tsukewarsa, domin in ya tsuke bayan an haɗa riga zai ja yadin waje ya tattare, kuma ba za ka iya gyara wannan ba sai ka farke gaban duka.