Amsa ga 'yar'uwar da ɗiyarta ta tambayi inda Allah yake a zamanin bauta

Salama, 'yar'uwata. Kin ce a wannan wata na Fabrairu da ake koya wa yara tarihin baƙar fata a makarantun Amurka, ɗiyarki ta dawo gida ta tambaye ki ina Allah yake sa'ad da ake sayar da mutane a kasuwa, kika rasa abin cewa. Na daɗe ina koyarwa a makarantar Lahadi a ƙasar nan, kuma ba shekarar da yaro ba ya yi mini wannan tambaya.

Kada ki rufe mata baki, kada kuma ki yi wa tarihin kwalliya. An zalunci mutane da sunan Allah, wannan gaskiya ce. A 1807 an buga wani Littafi Mai Tsarki a Landan domin bayin tsibiran Karebiyan, aka cire labarin fitowar Isra'ilawa daga Masar, don kada bawa ya ji cewa Allah yana 'yantarwa. Ki gaya mata. In ba ki gaya mata ba, wata rana za ta ji a bakin wanda yake so ya raba ta da bangaskiyarta.

Amma akwai ɓangaren da makaranta ba ta cika taɓawa ba, shi ne naki. A gonakin audugar jihohin kudu, bayi sukan sulale cikin daji da dare su yi sujada a ɓoye, labarin Musa da Fir'auna kuwa shi suka fi riƙewa. Harriet Tubman ta tsere daga Maryland a 1849, ta yi ta komawa har ta fitar da mutum wajen 70, jama'a suka sa mata suna Musa. A aji za a ce jaruma ce, haka ne kuwa, amma ita da bakinta Allah take cewa yana nuna mata hanya. Richard Allen bawa ne da ya fanshi kansa. A wata majami'ar Filadelfiya aka zo ɗaga baƙaƙe daga gwiwoyinsu suna tsakiyar addu'a, shi da 'yan'uwansa suka fice. Majami'ar suka bari, ba Almasihu ba, har a 1816 ya zama bishop na farko na ikkilisiyar AME, wato ikkilisiyar Methodist da baƙaƙen Amurka suka kafa wa kansu. Wannan labari yakan taɓa ni ƙwarai, domin sun iya rarrabe Ubangiji da masu ɓata sunansa.

Abin da ya fi shiga zuciyar yarana shi ne daren 31 ga Disamba 1862, da baƙaƙe suka kwana a majami'u suna addu'a, suna jiran shelar 'yanci ta Shugaba Lincoln ta fara aiki washegari. Har yau ikkilisiyoyinsu suna tunawa da shi a sujadar shiga sabuwar shekara. Ki nemi ɗaya kusa da ke ki kai ta, ta zauna cikin tsofaffin nan ta ji yadda suke raira waƙa.

Ni da Joshuwa sura 4 nake farawa, inda aka ɗebo duwatsu 12 daga Urdun domin ranar da 'ya'ya za su tambayi ma'anarsu a sami abin faɗa musu. Ɗiyarki ta riga ta tambaya, saura duwatsun. Ki haɗa mata da na wajenmu: Samuel Ajayi Crowther, yaron da aka kama bawa a ƙasar Yarbawa, aka ceto shi daga jirgin bayi, ya zama bishop a 1864. Sa'an nan ki kira kakarta a waya, ki bar yarinyar ta tambaye ta da kanta yadda bishara ta shigo gidanku, wa ya fara ba da gaskiya, da abin da ya sha a kai.