Filin Amsa Tambayoyinku: Ɗan Sanda da Lafiyar Ƙwaƙwalwarsa

Wasiƙun wannan makon guda uku ne, dukkansu kuma sun shafi aikin ɗan sanda da nauyin da yake ɗora wa zukatan masu yinsa. Mun sakaya sunayen masu su kamar yadda suka roƙa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Maigidana ɗan sandan kwantar da tarzoma ne, an tura su aiki wani ƙauye a jihar Zamfara, kuma a can 'yan bindiga suka yi musu kwanton ɓauna, abokan aikinsa biyu suka rasu a gabansa. Tun da ya dawo, wata biyar ke nan, ba ya samun barci, idan kuma ya samu sai ya farka a firgice, jikinsa sharkaf da gumi. Ko murfin tukunya ne ya faɗi sai ya zabura. Yana yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya daina zama a majalisa, kwanan nan kuma na ga ƙwayoyi a aljihun rigarsa. Surukata ta ce jifa aka yi masa, an yi rubutu, an yi ruƙiyya, amma har yanzu jiya-i-yau. Yaya zan yi? Daga wata uwargida a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya bai wa maigidanki lafiya. Ba a tabbatar da ciwo ta wasiƙa, sai likita ya zauna da mutum ya saurare shi, amma abubuwan da kika lissafa sun yi daidai da ciwon da likitoci ke kira PTSD, wato razanar da ke makale wa mutum bayan ya ga tashin hankalin da ya kusa cin ransa ko ya ci ran wani a gabansa. A lokacin haɗari jiki yana ɗaura ɗamara da kansa, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, kunne da ido su buɗe, barci ya ƙaurace, kuma wannan shi ne abin da ke ceton mutum a daji. A wajen yawancin mutane jikin yana saki cikin 'yan makonni bayan an dawo gida. A wajen wasu kuwa ƙwaƙwalwa takan ci gaba da aiki kamar har yanzu ana cikin harin, shi ya sa ƙarar murfin tukunya take isa kunnensa a matsayin harbi tun kafin ya yi tunani. Idan alamun suka wuce wata guda, suna kuma hana mutum barci da aiki da zaman lafiya da iyali, to an shiga huruminmu na asibiti, maigidanki kuwa yana wata na biyar.

Wannan ciwo ba ragwanta ce ke kawo shi ba, kuma ba raunin imani ba ne. A Birtaniya, inda yawancin 'yan sanda ba sa ma ɗaukar bindiga, masana a Jami'ar Kambirij sun binciki jami'ai kusan 17,000, sakamakon da suka fitar a 2019 kuma ya nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na fama da alamun wannan ciwo. Sai ki auna da namu, waɗanda a 16 ga Yunin 2011 aka tayar da bam a hedikwatarsu ta Abuja, a 20 ga Janairun 2012 aka kai wa ofisoshinsu hari a nan Kano, a Agustan 2014 kuma Boko Haram ta mamaye makarantar horar da 'yan kwantar da tarzoma ta Gwoza, ban da kwanton ɓaunar da ake yi musu a dazukan Zamfara da Katsina da Neja har zuwa yau. Mutanen da suka tsira daga waɗannan ranaku suna nan a barikoki, da yawansu kuma ba a taɓa tambayarsu yadda suke kwana ba.

Game da surukarki, kada ki ja da ita. Addu'a da tofi da karatun Alƙur'ani suna kwantar da zuciyar mumini, babu likitan kirki da zai ce a daina su. Abin da za ki nema shi ne a haɗa da asibiti, kamar yadda wanda ya karye ake yi masa addu'a kuma a kai shi wajen ɗori. Idan kina ganin maganarki ba za ta yi tasiri ba, ki samu wanda maigidan yake jin nauyinsa, wansa ko limamin bariki ko wani abokinsa da suka yi aiki tare, ya yi masa maganar. Kada kuma a buɗe masa zancen da kalmar hauka, domin ba haukan ba ne, kuma jin kalmar kaɗai ya isa ya rufe ƙofar. A fara da abin da shi kansa ya san yana damunsa, a ce masa a je a ga likita a kan rashin barci.

Wurin zuwa yana kusa da ku. Akwai asibitin 'yan sanda na rundunar jiha, inda likita zai iya dubawa ya kuma rubuta takardar turawa gaba. Akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ga waɗanda ke wasu jihohin kuma akwai asibitocin gwamnatin tarayya na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Maganin da ya fi amfani ga wannan ciwo na zama ne da tattaunawa, inda ƙwararre zai bi da shi ta cikin abin da ya faru a hankali, mako bayan mako, har tunawar ta daina zuwa masa a matsayin abin da ke faruwa yanzu. Wani lokaci likita yakan haɗa da ƙwayoyi irin su sertraline ko fluoxetine, waɗanda sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, don haka kada a yi gaggawar cewa ba sa aiki.

Ƙwayoyin da kika gani a aljihunsa su ne suka fi tayar mini da hankali. Idan diazepam ne ko tramadol da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba, za su ba shi barcin dare ɗaya su bar shi da jaraba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan amfani da ire-iren diazepam wajen wannan matsala. Kada ki zubar da su a ɓoye, domin daina su farat ɗaya ga wanda jikinsa ya saba yana iya jawo jijjiga. Ki rubuta sunansu ki nuna wa likita. Idan kuma kika ji yana cewa gara ma shi ne ya mutu a wurin, ko yana sallama da mutane, ko ya ɗaga miki hannu ko ga yara, to wannan ba na jira ba ne: a ranar za ki sanar da danginsa da shugabansa, a tabbatar makami ba ya hannunsa, a kai shi asibiti.

TAMBAYA: Ni saje ne, shekarata goma sha huɗu a aiki. Na daɗe ina jin ƙunci da rashin sha'awar komai, har abinci ba na jin daɗinsa. Ina son ganin likita, amma ina tsoron a rubuta a fayil ɗina, a karɓe bindigata, a hana ni ƙarin girma, ko ma a sallame ni. Shin doka ta ce wani abu a kan haka? Daga wani saje a jihar Bauchi.

AMSA: Yallaɓai saje, tsoron da kake ji yana cikin manyan abubuwan da ke hana 'yan sanda neman magani a ƙasashe da yawa, kuma ba zan ce maka ba shi da tushe ba. Amma doka ta sauya. Tun daga 1958 Najeriya take aiki da tsohuwar dokar mahaukata ta zamanin Turawa, wadda babu ruwanta da haƙƙin marar lafiya, har zuwa Janairun 2023 lokacin da aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta 2021. Sabuwar dokar ta bai wa marar lafiya haƙƙin a rufa masa asiri a kan bayanan lafiyarsa, ta kuma hana a sallami ma'aikaci don kawai yana da matsalar ƙwaƙwalwa ko ya taɓa yi ko yana karɓar magani. Aiwatar da ita yana tafiyar hawainiya, jama'a da yawa a ofisoshi ma ba su san da ita ba, amma tana nan a rubuce, kuma kai ma'aikacin gwamnatin tarayya ne.

Abin da ka bayyana ya yi kama da ciwon damuwa, wanda ake ganewa idan ƙunci da rashin sha'awa suka wuce mako biyu suna tare da mutum kusan kullum. Ciwo ne da ake warkewa, mafi yawan masu shi kuma ba a kwantar da su, daga gida suke zuwa ganin likita suna ci gaba da aikinsu. Idan ba ka saki jiki da asibitin cikin bariki ba saboda idon sani, babu abin da ya hana ka zuwa sashen likitocin ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi cikin kayan gida. Ka tambayi likitan tun a zaman farko abin da zai tsaya tsakaninku da abin da zai iya fita. A ƙa'idar aikin likita sirri yana fita ne idan rayuwarka ko ta wani tana cikin haɗari, ko kotu ta buƙata. Ka kuma bincika a ofishin inshorar lafiya ta 'yan sanda abin da tsarin yake biya da abin da za ka biya daga aljihunka, domin takardar turawa daga asibitin da ka yi rajista tana rage kuɗi.

Batun bindiga kuwa, zan faɗa maka ra'ayina ko da ba zai yi daɗi ba. Idan likita ya ga ya dace ka ajiye ta na ɗan lokaci, a mayar da kai aikin ofis har ka samu sauƙi, ka karɓa. Abin da ya fi ɓata fayil ɗin ɗan sanda shi ne harbin kuskure a shingen bincike, ko marin wani direba, ko zuwa aiki cikin maye, waɗannan kuwa su ne inda ciwon da aka ɓoye yakan kai mutum. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, saboda haka za ka iya tarar da layi, amma akwai ma'aikatan jinya da masana halayyar ɗan adam da aka horar a kan wannan aiki, kada ka raina ganinsu.

TAMBAYA: Ni ne shugaban wani caji ofis a ƙaramar hukuma, ina da jami'ai sama da arba'in. Babu likita a kusa, babu kasafi. Me zan iya yi wa yarana da ɗan abin da ke hannuna? Daga wani DPO a jihar Katsina.

AMSA: Ranka ya daɗe, abin da ya fi tasiri a wannan fage yana hannun shugabanni irinka, kuma ba shi da tsada. A birnin Montreal na Kanada, rundunar 'yan sanda ta fara wani shiri a 1997 wanda ya ƙunshi horon rabin yini ga kowane jami'i, da horon yini guda ga shugabanni da wakilan ƙungiyar ma'aikata a kan gane wanda ke cikin haɗari, da layin waya da 'yan sanda 'yan sa-kai ke amsawa. Binciken da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa kisan kai a rundunar ya ragu da kashi 79 cikin ɗari a cikin shekaru goma sha biyu. Ingila ta kafa hukumar kula da walwalar 'yan sanda ta ƙasa a 2019, Amurka kuma ta yi doka ta musamman a kan lafiyar ƙwaƙwalwar jami'an tsaro wadda aka sa wa hannu a Janairun 2018, amma kashin bayan duk waɗannan tsare-tsare shi ne abokin aiki da ke lura da abokin aikinsa.

Ka fara da jadawalin aiki, domin wanda ya kwana a shinge ya kuma wuni a kantar ofis ba zai iya riƙe fushinsa ba, rashin barci kuma yana tsananta kowace irin damuwa. Bayan kowane hari ko mummunan haɗarin mota da yaranka suka kwashe gawawwaki, ka ba su hutu gwargwadon hali, ka bar su su kira gida. Kada ka tara su a ɗaki ɗaya ka tilasta wa kowa ya ba da labarin abin da ya gani, domin bincike ya nuna irin wannan zama na tilas ba ya hana ciwon PTSD, yana ma iya dagula wa wasu. Ka zaɓi sufeto ko saje guda biyu da aka san su da riƙe sirri, su riƙa tuntuɓar waɗanda abin ya shafa a cikin makon farko, su sake komawa bayan wata guda, wanda aka ga har lokacin ba ya barci ko ya fara shaye-shaye sai ka rubuta masa takarda zuwa asibitin rundunar jiha. Ka jawo limami da faston bariki da shugabar ƙungiyar matan 'yan sanda cikin lamarin, domin su ne ke fara jin abin da ke faruwa a cikin gidaje. Ga jami'in da ya fara maganar mutuwa ko rabon kayansa, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sannan ka cire sunansa daga jerin masu karɓar makami, ka haɗa shi da wanda zai raka shi asibiti a ranar.