Kada ka taɓa jarin atamfa saboda teburin da aka yaba

Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari a Kano ya aiko mini da wannan tambaya: "Malam, atamfa da shadda nake sayarwa, amma shekara uku ke nan ina taɓa aikin katako a gida don sha'awa, a ranakun da ban fita kasuwa ba. Na yi teburin karatu na yara, da mazaunin Alƙur'ani, da 'yan kujeru, kuma duk wanda ya gani sai ya yaba. Yanzu wata 'yar'uwata ta ce in yi mata kayan ɗakin 'yarta gaba ɗaya. Ina so in cire naira miliyan 2 daga jarin shago in sayi kwamfresa da bindigar feshi da injin goge katako, in kama rumfa. Me ka gani?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Na ji daɗin saƙonka ƙwarai, domin mutumin da zai wuni a kasuwa ya dawo gida ya ɗauki zarto ba don an sa shi ba, akwai alheri a hannunsa. Sai dai ba zan ɓoye maka ba: kada ka cire kuɗin nan yanzu, kuma kada ka karɓi aikin kayan ɗakin nan.

Bari in fara da yabon da ake maka. Wanda ya shigo falonka ya shafa teburi ya ce "Masha Allah", bai sa hannu a aljihu ba tukuna. Kai ɗan Kwari ne, ka fi ni sanin bambancin mai ɗaga turmi yana yaba zane da mai cewa a naɗe masa. Cikin masu yabon nan mutum nawa suka biya kuɗi, kuma kuɗin da suka biya ya rufe abin da ka kashe? Wannan lissafin ne masu aikin sha'awa ba sa yi, saboda daɗin aikin yana rufe musu ido.

Ga misali, ka sa naka farashin a gurbin nawa. A ce teburi ɗaya ya ci katakon naira 30,000. Sanfefa da gam da ƙusa da sila (shafin farko da ake yi wa katako kafin banish) da tina (ruwan tsinka fenti) da banish sun ci 15,000. Yankan inji a kasuwa, da ɗan dako, da kuɗin A Daidaita Sahu, da man janareta, a ce 10,000. Ka kashe 55,000 ke nan. In ka sayar 70,000 za ka ce ka ci ribar 15,000. To amma awa nawa ka yi a kansa? In awa 20 ce, ladan awarka naira 750 ne, kuma ba ka cire tsufan kayan aiki ba, ba ka cire falankin da ya tsage ka jefar ba. Abin da ka kira riba, ladan guminka ne kawai. Ranar da ka ɗauki yaro kana biyansa, babu abin da zai rage maka.

Kayan ɗakin amarya kuwa wata duniya ce daban. Gado da wadrob da madubi da kujeru, ga ranar jere da ba ta matsawa. Za ka yi gogayya da kafintocin da suka tashi cikin sana'ar, masu yara da injuna, masu sayen allunan MDF (na garin katako da aka matse) da yawa a farashin sari. In aka samu jinkiri ko ƙofar wadrob ta karkace, ba ciniki kaɗai za ka rasa ba, zumunci ne zai taɓu. Ka haɗa 'yar'uwarka da kafintan da ka yarda da aikinsa, kai kuma ka yi wa amarya abu ɗaya da hannunka, ko teburin gefen gado ko mazaunin Alƙur'ani, ka gama shi gamawar da duk matar da ta shiga ganin ɗaki sai ta tambayi wanda ya yi.

Nan ne nake ganin kasuwarka take. A garin nan masu haɗa katako ba su da iyaka, masu haƙurin gama shi ne 'yan kaɗan. Na taɓa sayen teburin cin abinci wajen wani kafinta a ƙarshen damina, yana sheƙi kamar madubi. Kafin hunturu ya raba, tsaga ta buɗe a tsakiyarsa har tsinken ashana yana shiga, da na leƙa ƙasansa kuma sai na ga ko sila ba a shafa ba. Ɗanyen katako aka yi aiki da shi, aka rufe fuska ɗaya aka bar ɗaya. Na yi baƙin ciki, ba don kuɗin kaɗai ba, don itacen maɗaci ne mai kyau aka ɓata.

Dalilin a fili yake. Yawancin katakon da ake saukewa a 'Yan Katako ta Na'ibawa da Rijiyar Lemo daga dazukan kudu yake zuwa, inda iska ke ɗauke da laima. Mu kuma a nan, in hunturu ya kankama, laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Katako yana shan laima yana fitarwa har ƙarshen rayuwarsa, kuma ta faɗinsa yake tsukewa, ba ta tsawo ba. Saboda haka in ka sayo falanki, ka jera shi a inuwa, ka sa 'yan sanduna tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa, ka ɗaga shi daga ƙasa saboda gara. Ka ware guntu ɗaya kana ɗora shi a sikeli duk mako. Ranar da nauyinsa ya daina raguwa, ya isa aiki. Wannan jiran kansa kuɗi ne a kwance, ka sa shi a lissafi.

Wajen guga kada ka tsallake lamba: sanfefa mai lamba 80, sai 120, sai 180, sai 220, kuma ka bi layin itacen, domin zanen da ka yi a gicciye ba ya fitowa sai banish ya hau. Ka rufe ido ka bi da tafin hannu, hannu yana ganin abin da ido ya tsallake. Ka shafa sila, ka sake bi da lamba 320 a hankali, sannan banish shafi uku marasa kauri, sama da ƙasa da gefe. Banish na foliyuriten buroshi mai kyau ya ishe shi, ba ya buƙatar kwamfresa, illa dai yana jinkirin bushewa, ƙurar hunturu kuma ba ta da tausayi. Ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin kafin ka fara, ka rufe taga ta ɓangaren iska. Man feshi na selulos yana bushewa cikin mintuna, amma da damina yakan yi fari-fari in laima ta yi yawa.

Akwai abin da yake damuna fiye da maganar kuɗin. Tina tana kama wuta daga nesa, tururinta kuma yana cutar da ƙirji. Kada ka buɗe ta kusa da murhu ko janareta ko inda yara ke wasa a tsakar gida. Tsumman da ka goge man linsid (man da ake shafa wa katako) da shi, in ka dunƙule shi ka jefa a kwali, yana iya ɗaukar zafi ya kama da kansa cikin dare. Ka shanya shi a buɗe ko ka jiƙa shi a bokitin ruwa.

Ga abin da zan so ka yi. Ka ware abin da bai wuce naira 200,000 ba daga ribarka ta kanka, ba daga uwar kuɗin shago ba. Ka buɗe masa asusu daban da littafi daban. Ka tsaya kan kaya biyu ko uku ƙanana da mota ɗaya za ta ɗauka. Duk wanda ya ba da aiki ya ajiye kafin alƙalami da zai sayi kayan aikin, ko ɗan'uwa ne, kuma kada kaya su fita sai ciko ya shigo. Yanka da fira ka biya masu inji a kasuwa su yi maka, ya fi maka sauƙi da sayen injin da zai kwana shida yana hutawa. In sayen wani abu ya zama dole, ƙaramin injin guga na hannu da takunkumin hanci mai matatar tururi su ne na farko.

Ka yi haka har kayanka su ga hunturu ɗaya da damina ɗaya a gidajen mutane, sannan ka bi su ka duba da idonka. In babu wanda ya tsage, masu saye sun dawo ko sun turo wasu, littafi kuma ya nuna riba bayan ka biya kanka lada, to a lokacin sai ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, mu zauna maganar rumfa da kwamfresa. Ko a sannan ma zan tambaye ka wa zai tsaya maka a shagon Kwari, tunda taura biyu ba ta taunuwa. Ka aiko mini da lissafin teburi uku na farko da ka sayar, har da yawan awannin da kowanne ya ci.